Sensa ce ke ƙarya ko man ne da gaske baya zuwa?

Malam, na ga tambayarka tun jiya ina cikin gosulo a hanyar Agege zuwa Ikeja, sai yanzu na samu zama. Kace ƙaramin jirgin saman nan Piper Cherokee da kuke kula da shi, mai kafireta wanda aka sa wa allon dijital, gejin matsin man fetur yana faɗowa sifili sannan ya dawo, shi kuwa inji ko tari bai yi ba, kuma oga na tambaya a yi odar sensa ne, wato 'yar na'urar da ke auna matsin ta aika wa allo, ko famfon mai. Ni dai nace kar a yi odar komai tukuna, da dala ake sayen kayan nan, a fara gane wanne ne a cikin biyun.

Idan sensa ce ko wayarta, lambar tsalle take yi, daga 5 ta koma 0 ta dawo 5 kafin ƙiftawar ido, ko ta manne can sama ta ƙi motsi. Mai na gaske baya haka, idan matsi zai faɗi a hankali yake zamewa, kuma yafi nunawa lokacin da aka ba inji wuta sosai wajen tashi, don lokacin ne yake shan mai da yawa. A da yawa daga irin jirginku koren layin geji daga 0.5 ne zuwa 8 psi, wato ma'aunin matsi, to ka ga akwai fili, saukowa daga 5 zuwa 3 a hawa ba shine abin tada hankali ba. Sannan ka kunna famfon lantarki, wanda ke taimaka wa famfon da inji ke juyawa, ka gani. In matsalar gaske ce ta famfon inji, lamba zata tashi ta tsaya cak. In ta sensa ce, ko a jikinta, zata cigaba da rawarta.

Amma fa kar lafiyar inji ta ruɗe ka. Kafireta tana da ɗan kwanon mai a cikinta, ko mai ya yanke inji zai ɗan cigaba da aiki lafiya lau kafin ya fara fizga, don haka in faɗuwar ta 'yan daƙiƙoƙi ce, shirun inji bai wanke famfo ba. A sama kam ba a gardama da geji, matuƙi ya kunna famfon lantarki, ya canja tanki, ya nemi sauka, bincike sai a hanga.

A ɓangaren sensa ni waya nake fara zargi kafin ita kanta, don Legas ce, laima da iskar teku basa barin filogi, ka zare shi zaka ga fil ya yi kore. Masu waya uku ɗinnan yawanci volt 5 ke shiga, amsa ta fito tsakanin 0.5 da 4.5, to ka sa mita, ka girgiza wayar da hannu wani na kallon allo. In lamba tana motsi idan an kunna fitilar sauka ko an danna rediyo, atin ne ba kyau, irin abin da ko rewaya na kasuwar kayan mota ta Ladipo ya sani. Tsofaffin masu waya ɗaya kuma ta jikinsu suke samun atin, na taɓa kwana biyu ina neman laifi a wani jirgi ashe wani ne ya naɗe zaren da farin tef kamar mai gyaran famfon banɗaki. Akwai kuma 'yar hudar iska a jikin wasu, in ta toshe sai geji ya riƙa sauka a hawa ya dawo bayan an daidaita.

Ɓangaren mai kuwa sanannen abu ne, filta ta toshe, tiyo ya tsufa yana zuƙar iska, ko fatar cikin famfo ta tsage, wannan zaka ga shuɗin tabon avgas, wato man jirgin, a bakin ɗan bututun da ke zubarwa. Ka leƙa hudar numfashin tanki ma, zanzaro na son yin gini a wurin in jirgi ya daɗe a ajiye.

Abin da zai raba gardamar shine gejin hannu mai allura wanda aka tabbatar da ingancinsa, a haɗa shi a layi ɗaya da sensar, a tada inji a ƙasa daga silo har wuta sosai, mutum ɗaya riƙe da abin kashe gobara. Allura ta tsaya allo na rawa, sensa ce ko waya. Sun sauka tare, ka bar sensa ta huta ka bi layin mai tun daga tanki. Yadda ka kwatanta naku ni nafi karkata ga filogi, amma a gwada ɗin, kuma injiniya mai lasisin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ya sa hannu a littafi kafin jirgin ya sake tashi. Ka turo hoton bayan sensar mu ga waya nawa gareta.