Windows da Ubuntu a kwamfuta ɗaya: a raba faifai, ko kowa da nasa?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu na Agege ya yi tambaya a zauren nan jiya. Yana da laftof ƙirar HP da yake lissafin shago da ita a kan Windows, yanzu kuma ya fara koyon rubuta manhaja, an ce ya ɗora Ubuntu, wata babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta kamar Windows, daga dangin Linux. Shin ya tsaga faifan ajiyar da ke ciki gida biyu, ko ya sayi na biyu kowace ta zauna a nata? Malam, duka biyun na yi, ga abin da na gani.

Raba faifai ɗaya kamar gidan hayar Legas ne: kowa da ɗakinsa, amma ƙofar shiga guda ce. Ƙofar nan wani ɗan yanki ne da ake kira EFI, wanda Windows kan yanka masa megabayit 100. A nan Windows ke ajiye abin da ke tashe ta, a nan Ubuntu ma za ta ajiye nata, wato GRUB. Alfanunsa a bayyane yake, ba za ka kashe ko kwabo ba. Sai dai dole ka matse yankin Windows kafin wuri ya samu, kuma a nan haɗarin yake. Na taɓa yin haka a kwamfutar da baturinta ya mutu, ana tsaka da aiki aka ɗauke wuta. Da ta dawo, baƙin allo kawai na tarar, hotunan iyali na shekara biyu suka tafi. Har yau abin yana yi mini ciwo. Ga kuma ƙuncin wuri: Windows 11 tana neman gigabayit 64 mafi ƙaranci, Ubuntu 25, to idan faifanka mai 256 ne, ba a jimawa za ka fara goge wannan don ajiye wancan. Ranar da faifan ya lalace kuwa, duka biyun sun tafi tare.

Faifai biyu gida biyu ne, kowa da ƙofarsa. Ka ga dama ka goge Ubuntu sau goma kana gwaji, lissafin shagonka bai san ana yi ba. Ga mai koyo wannan babban abu ne, domin mai koyo sai ya ɓata kafin ya iya.

Amma akwai tarkon da mutane da yawa ke faɗawa. Ko ka zaɓi faifai na biyu, shirin da ke girka Ubuntu yana iya kai GRUB cikin yankin EFI na faifan Windows, saboda shi ya fara gani. Kai kana ganin ka raba su, ashe ƙofa ɗaya suke bi, sai ranar da ka cire faifan Windows Ubuntu ta ƙi tashi. Maganinsa shi ne ka kashe kwamfutar, ka zare faifan Windows gaba ɗaya, ka ɗora Ubuntu daga filashi a kan sabon, sannan ka mayar da tsohon. Daga nan idan ka kunna sai ka danna F9, tunda HP ce, ka zaɓi wadda kake so. Masu Dell da Lenovo galibi F12 ne.

Kada kuma ka ɗauka faifai biyu ya kashe kowace matsala. Allon uwa ɗaya suke hawa, wato babban allon cikin kwamfuta da komai ke jone da shi, agogo ɗaya suke dubawa. Linux tana ɗaukar agogon na'ura a matsayin lokacin UTC, wato lokacin da duniya ke auna agogo da shi, Windows tana ɗaukarsa lokacin gida, mu kuwa a Najeriya muna gaba da UTC da awa ɗaya. Shi ya sa za ka fito daga Ubuntu ka shiga Windows ka ga agogo ya koma baya da awa guda, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai duba lokacin salla a allo. A Ubuntu ka buɗe Terminal, wurin rubuta umarni, ka rubuta timedatectl set-local-rtc 1, magana ta ƙare. Ka kashe Fast Startup, saitin da ke sa Windows tashi da sauri, in ba haka ba Ubuntu za ta buɗe faifan Windows amma ta hana ka rubutu a ciki. Idan BitLocker, makullin da Windows ke kulle bayanan faifai da shi, a kunne yake, ka kwafe lambobin cetonsa guda 48 a takarda kafin ka taɓa komai. Ko sabuntawar Windows ta watan Agustan 2024, wadda ta hana Linux tashi a kwamfutoci da dama masu Secure Boot (tsaron da ke tantance manhaja kafin ta tashi), ba ruwanta da yawan faifai.

Saura wurin sakawa. Kwamfutar tebur ba ta da wannan damuwa, laftof ce sai an buɗe an duba. Wasu suna da gurbin M.2, inda siririn faifai irin NVMe ke shiga, ban da na SATA da aka saba jona faifai, a tsofaffin kuma ana cire na'urar DVD a sa faranti mai riƙe faifai, kauri milimita 9.5 ko 12.7. Idan gurbi biyun ya samu, NVMe ya fi SATA gudu nesa ba kusa ba, domin SATA a wajen megabayit 550 a daƙiƙa yake tsayawa, don haka ba wa manhajar da ka fi yini a kanta mai saurin. In ka je Computer Village a Ikeja sayen faifai na hannu, ka sa a jona shi a gabanka, a buɗe manhajar CrystalDiskInfo ka ga lafiyarsa da awannin da ya yi yana aiki kafin ka miƙa kuɗi.

Ni dai tunda abincinka yana cikin Windows ɗin nan, faifai biyu nake ba ka shawara. Idan babu gurbi, to a raba, amma sai ka kwashe komai a wani wuri, kuma baturi cike. Turo mini lambar samfurin da ke rubuce a ƙasan laftof ɗin, in duba maka ko tana ɗaukar na biyu.