Hayar jirgin mutum don tara awanni a Afirka ta Kudu: yadda na same ta

Duk wanda ya karɓi lasin farko na tuƙin jirgi, wato PPL, ya san inda aljihu ke fara kuka. Hukumar sufurin jiragen sama ta Afirka ta Kudu, SACAA, ba ta ba da lasin kasuwanci sai littafin da kake rubuta awannin tashinka ya nuna awa 200, kuma 100 daga ciki kai ne kwamandan jirgin. A cikinsu dole a ga doguwar tafiya ta mil 300 na lissafin jirage, kimanin kilomita 555, wadda ka sauka a filaye biyu da ba naka ba. In kana neman shaidar tuƙi da na'urori, sai ka nuna awa 50 na tafiya daga gari zuwa gari kana kwamanda. Kai kuwa ka fito daga PPL da awa 50 ko 60. Ragowar, kowace awa da kuɗinka za ka saye ta.

A gida ba a cika samun wannan hanya ba. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya tana nan tun 1964, amma ƙananan jiragen mutane da za a ba ka haya ka tafi abinka sun yi ƙaranci, man su ma samunsa aiki ne. Shi ya sa da yawanmu muka ƙare a Johannesburg da kewayenta. Ni a can na yi, kuma yawancin awannina a wani Cessna 152 na tara su, mallakar wani dattijo da ya rage tashi amma bai yarda ya sayar ba.

Ba talla na gani ba. Makanikin da ke duba jiragen makarantarmu ne ya haɗa mu, kuma har yau ina ganin babu hanyar da ta fi wannan. Makaniki ya san jirgin da ke kwana a rumfa ba a tayar da shi, ya san wanda mai shi ke kashe masa kuɗi da wanda ake lallaɓawa. Su ma masu jiragen suna da dalilinsu: injin da ba ya aiki tsatsa ke cin cikinsa, ga kuɗin rumfa da inshora da duban shekara duk suna tafiya ko jirgi ya tashi ko bai tashi ba. Saboda haka ba alfarma kake roƙo ba, ciniki ne.

Ni da dattijon mun yi yarjejeniya a rubuce kan cewa man jirgi a kaina yake, shi kuma nasa gyara da inshora. Da na haɗa kuɗin haya da na mai da na sauka, awa ta fi ta makaranta sauƙi ƙwarai, ko da yake ba rabi ba kamar yadda wasu ke kururutawa. Abin da ya ƙara min rangwame shi ne agogon da aka yi lissafi da shi, kuma ina roƙon kowa ya tsaya a nan. Akwai agogo biyu a jirgi. Na farko, wanda ake kira Hobbs, yana ƙirga lokaci kamar agogon hannu tun daga tayar da inji har kashe shi. Ɗayan, na cikin ma'aunin juyin inji, da yawan juyin yake tafiya, don haka yana jan ƙafa lokacin da kake ƙasa kana jiran hasumiya ta ba ka izini. Makarantu da yawa da Hobbs suke caji. Dattijon ya yarda da na inji, domin da shi ake lissafin gyara. A awa ɗaya ba ka ganin bambancin, a awa 80 ko 100 kuwa kuɗin hayar ɗaki ne.

Jirgin kansa tsoho ne, don an daina ƙera 152 tun 1985. Kujera biyu, inji mai ƙarfin doki 110, yana shan kimanin lita 23 a awa, tankinsa kuma na ɗaukar lita 90 da 'yan kai da za a iya amfani da su. Fenti ya koɗe, robar ƙofa ta saki har iska na busowa ta gefen gwiwa, rediyo ɗaya ne tak. Amma littattafan gyaransa tsaf suke, kowane aiki da kwanan wata da sa hannu. Rashin saurinsa bai dame ni ba ko kaɗan, tunda awa nake nema ba isa da wuri ba.

Inda ya nuna min iyakarsa shi ne a tsayin ƙasar. Filin Rand da ke Germiston yana kan ƙafa 5,483 sama da teku, na Kano kuwa bai kai ƙafa 1,600 ba. Da rana a watan Disamba, lokacin zafinsu, iska kan yi sako-sako har jirgi ya riƙa jin kamar yana ƙafa 8,000. Ka tura mai har ƙarshe, sai ka ga titi na ƙarewa a hankali, jirgin na ɗagawa kamar tsohuwar mota da ta ɗauko buhunan masara za ta hau tudu. Dole ka rage yawan man da ke gauraya da iska a inji kafin tashi, in ba haka ba ƙarfi ya ragu, fulogi kuma ya cika da dalma, abin da injin 152 ya yi suna a kai. Mutum biyu masu jiki da tanki cike ba sa haɗuwa a wannan jirgi, sai an zauna da takarda an yi lissafin nauyi. Na koma tashi da sassafe, bayan sallar asuba ina rumfa, kafin hadarin la'asar ya haɗo.

Ribar da ta fi rangwamen kuɗi a wurina ita ce jirgin yana hannuna. A makaranta ana ba ka awa biyu, ka dawo da shi don wani ɗalibi na jira, sai ka ƙare kana zagaye wuri ɗaya. Da wannan kuwa nakan ɗauke shi na kwana biyu ko uku, in bi ta Potchefstroom zuwa Kimberley, in juyo ta Bloemfontein, in ratso madatsar Vaal. Ni ne mai duba yanayi, ni ne mai bugawa ƙaramin fili waya in tambaya ko suna da mai, ni ne mai cewa yau ba a tashi. Babu malami a gefe da zai gyaɗa kai. Wannan shi ne ainihin abin da hukuma ke nufi da awannin kwamanda, kuma a nan na same shi.

Akwai abin da ya ɓata min rai, kuma ban ɓoye wa mai jirgin ba. A duban awa 100 aka gano silinda ɗaya ta yi rauni. Da makaranta ce, da ta ba ni wani jirgin washegari. Shi kuwa jirgi ɗaya gare shi, kuma bai ga dalilin gaggawa ba, yana ta neman inda kayan gyara suka fi araha. Makonni suka wuce ina biyan haya, ina cin abinci, wa'adin biza na matsowa, littafina bai ƙaru da minti ɗaya ba. Wani ɓangare na abin da na tsimi ya tafi a nan. Abin da ya tsare ni shi ne awa goma-goma nake biya, ba duka a dunƙule ba, don haka na iya komawa makaranta na ɗan wani lokaci. Kada ka yarda da rangwamen da sharaɗinsa shi ne ka zube kuɗin awa 100 gaba ɗaya.

Batun inshora ma ba a ɗaukarsa da baki. Ka ga takardar da idonka, ka tabbata ta amince da haya kuma awanninka sun kai abin da ta gindaya, ko a rubuta sunanka a ciki. Akwai kason da kamfani ba ya biya in an yi hatsari, kuma a can matuƙa na sayen ƙaramar inshora ta wata-wata don rufe shi. Ka saya. Ka kuma sanar da shugaban malaman makarantarka kafin ka fara, musamman in bizarka ta karatu ce, ka tabbatar an rubuta maka shaidar nau'in jirgin a littafi, ka ajiye rasitin mai da na sauka. Ranar da za ka sauya lasin a NCAA, hukumar sufurin jiragen sama ta Najeriya, za a bi takardunka a tantance su.

Zan ba da shawarar wannan hanya ga wanda ya riga ya natsu da tuƙi, yana da sarari a bizarsa, kuma yana da makanikin da zai gaya masa gaskiya game da jirgin. Wanda lokacinsa ya ƙure gara ya biya tsadar makaranta. In kana da zaɓin wata, ka nufi Mayu zuwa Agusta: sanyi ne mai shiga ƙashi da safe, akwai hayaƙin gobarar daji a wasu ranaku, amma sama a buɗe take, kuma jirgin ya fi ɗagawa.