Baƙin fuskar Mama da na ƙanwarki: rana ɗaya, ciwo biyu

'Yar'uwarmu daga Pantami ta kawo tambaya. Mahaifiyarta tana sayar da kayan miya a kasuwa, an canza mata maganin hawan jini wata biyu da suka wuce, tun daga nan goshinta da bayan hannuwanta suka yi duhu, suna raɗaɗi. Ƙanwar mai tambayar kuma ta shekara uku tana shafa man haɗi na bilicin, yanzu kumatunta sun yi baƙi ƙirin. Tana son sanin ko ciwo ɗaya ne, kuma ko Mama za ta iya lakutar man ƙanwar don baƙin ya washe.

'Yar'uwa, don Allah kada man nan ya taɓa fuskar Mama. Rana tana da hannu a duka biyun, amma hanyar da ta bi ta shiga daban ce.

Na Mama daga ciki ya taso. Akwai magungunan da idan aka sha, jini ke kai su har cikin fata, su zauna a can suna zuƙar wani ɓangare na hasken rana da ake kira UVA, sai fatar ta ƙone da ranar da a da ba ta yi mata komai. Cikin na hawan jini, wanda ya fi suna a wannan shi ne mai sa yawan fitsari, wanda za ki ga an rubuta HCT ko HCTZ a jikin kwalinsa. Yana cikin Moduretic, yana kuma cikin ƙwayoyi da yawa masu haɗi biyu. Ba shi kaɗai ba ne: doksisaikilin da ake ba masu ƙurajen fuska, ɗan'uwansa kafson nan ja da yalo, sifiro na taifot da ciwon mara, Septrin, Feldene na ciwon gaɓoɓi, Fulcin na makero, duk suna iya yi. A farar fata ja ake gani. A tamu jan ba ya fitowa sosai, zafi ake ji cikin sa'o'i kaɗan, daga baya wurin ya yi duhu, wani lokacin ya saɓe. Wasu kuma sai bayan kwana ɗaya zuwa uku ƙaiƙayi da ƙananan ƙuraje ke fesowa, su ɗan bazu har inda rana ba ta kai ba.

Ki kai Mama bakin ƙofa da safe ki duba da kyau. Goshi, karan hanci, saman kumatu da bayan hannu sun yi duhu, amma ƙarƙashin haɓa da fatar ido suna nan yadda suke? Ki ɗaga bakin hijabin, ki zame zoben ko awarwaron. Idan kika ga layi ya fito sarai, inda tufa ta rufe fes, inda ta bari baƙi, to rana ce da magani suka haɗu.

Na ƙanwarki daga waje ya shiga, kuma shi ya fi tayar min da hankali. Baƙin fatarmu garkuwa ce da Allah ya yi mana daga rana. Haidirokwinon da ke cikin mayukan bilicin aikinsa hana fata ƙera wannan baƙin, wato a cire garkuwar sannan a fita cikin zafin Maris da Afrilu na Gombe. Watannin farko ana ganin haske, ana yabawa. Idan aka daɗe, sai wani baƙi mai ratsin shuɗi ya zauna a kan ƙashin kumatu da gefen ido, wani lokacin da gudaji-gudaji kamar an barbaɗa gero. Likitoci a Afirka ta Kudu sun bayyana shi tun 1975 a jikin masu shafa irin wannan mai. Ba a saman fata yake ba, can ciki yake, shi ya sa ƙara mai ba ya goge shi, sai dai ya ƙara shi. Kuma nan yarinya ke faɗawa tarko: ta ga baƙi, ta koma wurin mai haɗi, a ba ta “mai ƙarfi”.

Man haɗi kuwa da wuya ya rasa sitiroyid, irin wanda ke cikin Dermovate ko Funbact-A, magungunan da aka yi don a shafa na ɗan lokaci bisa umarnin likita. Shi ke sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta tsage damtse da cinya, ƙuraje da kyasbi su yi yawa, rauni ya ƙi warkewa da wuri. Wasu mayukan ma har da sinadarin makuri mai lalata ƙoda. Ba banza ba a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa.

A wajen magani ne suka fi rabuwa. Mama ba za ta daina shan ƙwayarta da kanta ba, ko na kwana ɗaya, domin shanyewar ɓarin jiki ta fi baƙin goshi nesa ba kusa ba. Ta koma wurin likitan da ya rubuta, akwai wasu magungunan hawan jinin da zai iya musanya mata da su. Idan aka canza, aka kiyaye rana, baƙin yakan dushe a hankali cikin watanni. Ita ƙanwar dole ta rabu da man, sai dai wadda ta shekara uku a kan sitiroyid, idan ta yanke lokaci guda fuska takan yi bore, ta yi zafi, ta feso da ƙuraje, sai ta tsorata ta koma. Tana bukatar likitan fata ya janye ta sannu a hankali, kuma a gaya mata gaskiya tun farko: ƙurajen za su tafi, amma nankarwa da wancan baƙin na kumatu suna da taurin kai ƙwarai. Kada a yi mata gori a gida. Lallashi ne zai kai ta asibiti.

Kiyaye rana ya hau kansu su biyu, musamman daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. Mama ta matsa cikin rumfa ko ta kafa lema, ta sa riga mai dogon hannu da yadi mai kauri. UVA yana ratsa gilashin mota, hazon hunturu ma ba ya tare shi duka. A samu man kariyar rana mai SPF 30 ko sama, wanda aka rubuta yana tare UVA. Man kaɗanya yana laushin fata, amma ba ya wannan aikin.

Abu ɗaya kada ya ruɗe ki: baƙin tabo zagayayye da ke fitowa a leɓe ko al'aura duk lokacin da aka sha Septrin ko Fansidar, a wuri ɗaya kullum, wannan babu ruwan rana a ciki, jiki ne ke ƙin maganin. Idan kuwa aka ga zazzaɓi, bororo, gyambo a baki ko jan ido bayan fara sabon magani, ba a kwana da shi a gida.

Ki kai su Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe ko asibitin da Mama ke zuwa. Ku tafi da kwalayen magungunan Mama gaba ɗaya, har na kemis da na gargajiya, da robar man ƙanwarki ko da babu rubutu a jikinta.