Wata uku da Behringer CX2310 a falona

Jama'a ni dai abin da ya kai ni sayen wannan akwatin, wato kirosoba mai raba sauti sama daban ƙasa daban, kuskurena ne ba na kowa ba. Ina da amfilifaya biyu, ɗaya tsohuwa mai wat 100 kowane gefe ɗaya ƙarama mai wat 30, sifikuna kuma irin masu ramin waya huɗu a baya ne, biyu na twita (mai siririn sauti) biyu na wufa (mai bes), da wani ɗan ƙarfe da ya haɗa su. Sai na ce to shi ke nan, na cire ƙarfen, na ba wa twita ƙaramar, wufa babbar, ai an ce bes ne ke shan wuta. (Wanda zai gwada don Allah ya cire ƙarfen nan, in ka bar shi ka haɗa fitar amfilifaya biyu kai tsaye kenan, sai dai ka ji ƙauri.)

Wallahi sautin da ya fito kamar ana yanka kwano, kalangu ya koma tsiit tsiit a kunne, bes kuma ya maƙale can baya. Ashe ba wat ne matsalar ba, geyin ne, wato ninki nawa kowacce ke ninka siginar da aka ba ta, ƙaramar ta fi babbar saurin ɗaga murya duk da ba ta kai ta ƙarfi ba. Kuma abin da ban gane ba sai daga baya, a irin wannan haɗin ƙaramar tana karɓar waƙar gaba ɗayanta har da bes ɗin, kirosoban cikin sifika ne ke tace shi bayan ta gama wahala, shi ya sa da na ɗan ƙara bolum take fara karcewa, kuma karcewar nan ita ke ƙona twita.

To aikin CX2310 kenan, yana raba sautin tun kafin ya isa amfilifaya, da wata irin tacewa da ake kira Linkwitz-Riley 24 dB. Wani mai gyara a Sabon Gari ya cire min kirosoban cikin sifikun, ya sa wa kowace twita kafasita a layinta don kariya, ni kuma na danna maɓallin x10, mai ninka lambar rabon sau goma, na tsayar da rabon wajen 2,500 Hz. Daga nan zuwa sama wutar da waƙa ke ci kaɗan ce ƙwarai, yawancinta tana ƙasa, don haka wat 30 ɗin nan ta yi wa twita yawa ma, na ɗora hannu a kanta bayan awa biyu ko ɗumi ba ta yi ba, ita kuwa babbar kamar an sauke tukunya. Amma fa kar wani ya ɗauki wannan lissafin ya kai ko'ina, in ka sauko da rabon zuwa 300 ko 400 Hz wutar kusan raba daidai ce, ƙaramar ba za ta iya ba.

Abin da na fi so shi ne kowane ɓangare da nasa abin murɗa bolum, sama daban ƙasa daban, na kwashe dare biyu ina rage twita kaɗan kaɗan har muryar mai waƙa ta dawo tsakiyar falo, gurmi ya yi jiki, Hajiya ma da take cewa ɓarnar kuɗi ce ta leƙo ta ce yau kam ba ya sara mata kai.

Sai dai ku sani kayan masu DJ ne da ɗakin taro, duk ramukansa XLR ne, irin na makirufo, babu RCA irin na kayan gida, sai da na sa aka haɗa min wayoyi, kuma fale-falen inci 19 ne da kunnuwa, bai yi kyau a kan shokes ba sam. Sannan cire kirosoban kamfani ba wasa ba ne, akwai gyare-gyaren da suka ɓoye a ciki da za ka rasa, in sifikunka masu tsada ne ni ban ce ka taɓa ba.

Wajen kunnawa kirosoba farko, amfilifaya ƙarshe, wajen kashewa a juya. In NEPA sun ɗauke ina tashi da gudu in kashe amfilifayun kafin su dawo da ita, don wannan dum ɗin yanzu kafasita ce kaɗai tsakaninsa da twita.