Samfurin Gwaji Ko Tsohuwar Furosesa Ta Asali: Wacce Za A Saka Wa Laftop?

Kafin a yi maganar sayen furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, sai an tabbatar cewa ta cikin laftop ɗin tana cirewa. A ɓangaren Intel, zuriya ta huɗu da aka fi sani da Haswell, wadda ta fito a 2013, ita ce ta ƙarshe da ake samun furosesar laftop mai zama a gurbi a kulle ta da sukurudireba. Daga nan aka koma liƙa su da dalma a jikin allon kwamfuta. Idan sunan furosesarka ya ƙare da U ko HQ, a liƙe take, kuma abin da ya rage maka shi ne ƙarin RAM da saka SSD.

Wanda laftop ɗinsa ke da gurbi zai tarar da kaya iri uku a hannun masu sayarwa ta intanet. Mafi arha shi ne samfurin gwaji, wanda ake yi wa laƙabi da ES. Kamfani kan raba shi ga masu ƙera kwamfutoci tun kafin kaya su shiga kasuwa, domin su gwada allunansu su gano kurakurai. A jikin na Intel ana rubuta "Intel Confidential" tare da lamba mai farawa da Q, yayin da ta kasuwa ke farawa da S. Kamfanin ya bayyana cewa waɗannan samfura mallakarsa ne, ba na sayarwa ba ne, kuma babu garanti a kansu.

Na taɓa sayen ɗaya saboda kwaɗayin arha. Kwamfutar ta tashi lafiya, har na fara yaba wa kaina, amma duk lokacin da na rufe murfinta ta yi barci ba ta farkawa sai na danne maɓallin kashewa, sannan ma'aunin zafinta yana ba da lamba ɗaya ko da fanka na kururuwa. Babu wanda zan kai wa ƙara, domin irin waɗannan kurakurai su ne dalilin da ya sa aka yi samfurin tun farko, kuma sau da yawa BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta, ba ya ɗauke da gyaran da zubin farko ke buƙata.

Akwai kuma QS, samfurin da ya fi kusa da na kasuwa, wanda sau da yawa zubinsu ɗaya ne. Da ana iya yarda da bakin mai sayarwa da ban ƙi shi ba.

Abin da nake ba da shawara a kai shi ne furosesa ta asali da aka ciro daga wani laftop. Furosesa ba ta cika lalacewa da tsufa ba matuƙar ƙafafunta ba su lanƙwashe ba, BIOS ya san ta da sunanta, kuma ana iya duba lambarta a tabbatar da saurinta da zafinta kafin a biya. Zafin nan shi ne abin lura. Laftop ɗin da aka ƙera don wat 35 zai wahala da i7-2670QM mai wat 45, amma i7-3632QM ta zuriya ta uku mai ƙwaya huɗu wat 35 take ci, shi ya sa nake ganin da wuya irin wannan laftop ya sami wadda ta fi ta a gurbin G2, inda su biyun ke zama. Sai dai allon da ke da HM65 (sunan guntun da ke sarrafa allon) ba ya karɓar zuriya ta uku duk da cewa gurbin ɗaya ne, mai HM70 kuwa an san shi da kashe kansa bayan minti 30 idan aka saka masa Core i5 ko i7.

Algus ɗin da ke cikin wannan kasuwa ya wuce yadda ake zato. Wani zai saka hoton furosesar asali ya aiko maka da ES, wani zai rubuta QS a kan zubin farko domin ya san ba kowa ke iya bambancewa ba, wani kuma zai ɗauko furosesar da aka ƙera don liƙawa ya ɗora ta a kan faifai mai ƙafafu ya sayar a matsayin ta gurbi, wadda kaurinta kan hana abin sanyayawa zama daidai. Ka nemi hoton kayan da za a aiko maka, lambar jikinsa tana karantuwa, tare da hoton manhajar CPU-Z, mai nuna bayanan furosesa, tana aiki a kansa. Idan ka ga harafin ES a gefen sunan, ko "Genuine Intel CPU 0000", ko "AMD Eng Sample", to samfurin gwaji ne komai rantsuwar mai shi. Wanda ya ƙi turo waɗannan hotuna biyu, ko ya ce ba a mayar masa da kaya, kada ka tura masa kuɗinka.