Sharhi: Kwana biyu da jif a hamadar Anza-Borrego

Abokina da muke unguwa ɗaya a San Diego ne ya tasa ni gaba, wai tunda kullum ina cika baki ni ɗan Katsina ne na san rairayi, in zo in ga hamadar Kalifoniya. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka ɗauki hayar jif. Tafiyar kamar awa biyu ta kai mu Borrego Springs, ɗan ƙaramin gari da gandun Anza-Borrego ya zagaye ta ko'ina. Gandun ya kai wajen eka dubu 600, babu wanda ya kai shi girma cikin gandayen da jihar ke kula da su. Sunan ma haɗi ne. Anza wani jagoran ayarin Sifaniya ne da ya ratsa wurin a 1774, borrego kuwa rago ke nan da Sifaniyanci, saboda ragunan dutse masu murɗaɗɗen ƙaho da ke zaune a tsaunukan.

Ofishin baƙi a cikin ƙasa aka gina shi, sai ka zo daf kake ganin ƙofa. Matar da muka tarar ta shimfiɗa mana taswira, ba ta tsaya kwana-kwana ba. Mota sai mai lamba da takardun hawa titi, kuma ba a sauka daga hanyoyin da aka ware, waɗanda sun kai kusan mil 500. Masu babur mai ƙafa huɗu da motocin wasa da rairayi an ba su nasu filin a gefe, Ocotillo Wells, wajen eka dubu 85. A raina na ce wannan doka ta yi yawa, fili fetal haka wa zai ji ciwo don taya ta ɗan karkace?

Hanyar zuwa tudun Fonts Point ce ta ƙure ni. Busasshiyar ƙorama ce, mil huɗu na rairayi mai laushi. Ban rage iskar taya ba, kamfanin da ya ba mu motar kuma ko shebur bai saka mana ba, duk da mun gaya musu inda za mu. Ba mu yi nisa ba motar ta kafe. Ina ba ta wuta tana ƙara nutsewa, abokina yana gefe yana dariya har da riƙe ciki: "Bakatsine, ina sanin rairayin?" Wani dattijo ne ya tsaya, ya sassauta mana tayoyin, ya ja mu da igiya. Gaskiya kafin ya iso na riga na hango gefen ƙoramar inda ƙasa ta fi tauri, na ƙudurta in mun fita zan hau can in kewaye.

Da na taka da ƙafa don in duba wurin sai na ga wani ya riga ni. Sawun taya biyu sun hau gaɓar, sun yi da'ira, sun dawo. Ƙasar wurin tana da wani ɓawo mai duhu a samanta, kamar ƙanzon tuwo a gindin tukunya. Wasu ƙananan halittu ne dangin gansakuka ke ɗaure ƙasar haka, su hana iska kwashe ta, su riƙe ɗan ruwan da ake samu. Inda taya ta bi ɓawon ya farfashe ya zama gari, na ɗebo a hannu iska ta hure shi nan take. Shekaru yake ɗauka kafin ya sake haɗuwa. Ga wata murtsunguwa an take ta, ta kwanta ta bushe. Sawun ba sabo ba ne, amma yana nan raɗau, kuma shi ne abin da ya kusa ja na, don duk wanda ya gan shi zai ɗauka hanya ce. Muka bi ƙoramar a hankali har saman Fonts Point, muka tarar rana na faɗuwa kan kwazazzabai jajaye, iya ganin ido.

Washegari da asuba muka shiga kwarin Borrego Palm Canyon a ƙafa, mil uku zuwa da dawowa. A ƙarshen hanyar akwai ruwa da wasu itatuwa masu ganye irin na giginya. Gobarar 2020 ta baƙanta jikinsu, amma kawunansu sun sake yin kore. A nan muka ga raguna biyu can saman dutse, sun tsaya cak suna kallonmu. Tun 1998 gwamnatin Amurka ta sa su cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, shi ya sa ake rufe hanyar Coyote Canyon daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Satumba, don su sami sakewa su sha ruwa lokacin zafi.

Abin da bai yi mini ba, kwana biyu ba mu haɗu da ma'aikacin gandu ko ɗaya a kan hanyoyin rairayin ba, alamun hanya kuma a wasu mararrabar sun yi ƙaranci, waya ba ta kamawa. Mai niyyar ɓarna zai yi abinsa ya tafi. Kwana a daji kuwa kyauta ne, ka kafa tantinka kusa da hanya, wuta dai sai cikin mazubin ƙarfe. Taurarin da na gani daren nan rabona da irinsu tun ina kwana a tsakar gidan kakata.

Zan koma a watan Fabrairu ko Maris, lokacin da furanni ke fitowa in an sami ruwa. Shebur da famfon taya kuwa na riga na saya, suna bayan ƙofa.