Littafin Mas na Latin: wata takwas ina amfani da shi a Jidda

Ni ma'aikaciyar jinya ce a Jidda, 'yar Katolika daga Malumfashi. Duk wanda ya zauna a Saudiyya ya san babu coci a ƙasar nan. Babban cocin yankinmu yana Awali ta ƙasar Bahrain, an buɗe shi a Disamban 2021. Don haka a waya nake bin Mas, wato babbar ibadarmu ta Katolika, a ɗaki, in na sauko daga aikin dare. Wanda ya dace da lokacina kuwa na tsohon tsari ne, Latin zalla. Makonnin farko kallo kawai nake yi, raina a jagule. Da na je hutu sai na sayo littafin Mas na hannu na tsarin 1962, Latin a hagu, Turanci a dama. Ya ci mini kusan riyal 200.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne shafukan koyon furuci da ke gabansa. Ashe Latin ɗin coci bai yi wa bakin Bahaushe nisa ba. Wasulan nan biyar yadda muke faɗinsu haka suke, kuma "c" kafin "e" ko "i" irin tamu ce ta "ciki". "Agnus" kuwa "Anyus" ake cewa. "P" da "v" ne suka ba ni aiki, sai da na yi ta maimaita "Pater noster", wato addu'ar "Ubanmu", kafin ya daina fita da "f".

Amma babban amfaninsa yana wajen shirun nan. A tsohon tsari Fada, wato limamin coci, yana fuskantar bagadi, kuma addu'ar keɓe gurasa da ruwan inabi a asirce yake yinta. Mu da muka tashi da ganga da kacau-kacau da waƙar Zumuntar Mata, shirun yana da nauyi ƙwarai. Littafin ya rubuta da jan tawada abin da Fada yake yi a kowane mataki: nan ya rusuna, nan ya sumbaci bagadi, nan za a kaɗa ƙararrawa. Da yatsa nake bi, har na gane ashe ba a bar ni a baya ba, tare ake addu'ar. Abokiyar zamana, Hajiya 'yar Kano, ta leƙo wata rana ta ce, "Ƙanwata, ai wannan kamar mu ne, liman a gaba, kowa ya fuskanci wuri guda." Na daɗe ina juya maganarta.

Yana da aibi. Takardar ta cika sirantaka, damshin Jidda ya sa shafuka suna mannewa. Rubutun ƙanana ne ga idon da ya kwana a kan aiki, biyu daga cikin zaren alamar shafi ma sun warware. Mai saye kuma ya sani: karatun cikinsa na zagayen shekara ɗaya ne, ba na shekara uku da muke bi a gida ba, don haka Bisharar da nake karantawa ranar Lahadi sau da yawa ba ita mahaifiyata ta ji ba. Wannan yana damuna. Kuma tun 2021 da Paparoma Francis ya taƙaita tsohon tsarin, sai da izinin bishop ake yinsa, ba ko'ina za ka yi amfani da littafin ba.

Ban yarda da masu cewa Mas da harshen gida ragi ne ba. Taron Vatican na Biyu, babban taron bishop-bishop na Katolika, a 1963 ya ce a riƙe Latin, ya kuma buɗe wa harsunanmu ƙofa, ta wannan ƙofar ce kakata da ba ta yi boko ba ta ji Bishara da kunnenta. Babu Hausa ko kalma ɗaya a littafin nan, shi ya sa na sa fensir a gefen "Agnus Dei" na rubuta "Ɗan Rago na Allah, ka yi mana jinƙai". Yanzu na kai shafi na goma sha ɗaya ina wannan aikin, kuma in na koma gida hutu zan kai wa katikis ɗinmu, mai koyar da addini a cocinmu, ya duba mini.